Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sunan yanka mai nauyi

Makon jiya na ce zan shiga shekarun kasuwa, to su dakata. An kawo goron sunan wani jariri a dangi, aka ce Shurahbilu. Suna ne na sahabi, ɗaya daga cikin kwamandojin da suka buɗe Sham, babu abin kushewa. Da aka tambayi me za a riƙa kiransa a gida, sai uban ya ce ai sunan ya wadatar. Inna Babba, dattijuwar gidanmu, Allah ya jiƙanta, da tana nan da ta ce masa suna linzami ne, kuma in ba ka sa wa dokinka ba, 'yan unguwa za su sa masa nasu.

Baƙon suna ba ya kwana 40 a bakin yara sai sun gutsure shi. Tsofaffi ma harshensu ba ya ɗauka. Saboda haka laƙabi ranar suna ake tsayar da shi, tun rago bai huce ba, a faɗa wa kakanni da goggonni, su ne masu yaɗa shi. Gaɓa biyu ta isa. In an yi wa wani babba takwara, alkunya ta riga ta yanke hukunci: Abba, Baffa, Ummi, Walida. In babu takwara, a duba yadda yaron ya zo. Namiji bayan mata Tanko ne, wanda ya biyo tagwaye Gambo, na Laraba Bala, ta Juma'a Jummai. Waɗannan ba su tsufa ba, mu ne muka fara jin kunyarsu.

Suna na tsakiya kuwa, sanannun sunaye da abokan tafiyarsu suke zuwa: Abubakar da Sadiƙ, Umar da Faruƙ, Aliyu da Haidar, Halima da Sadiya. Shurahbilu ko Julaibibu ba su da wannan gata a wurinmu, sai an nemo musu. Kada a ɗora nauyi kan nauyi, a ce Shurahbilu Zulƙarnaini. Gajere ake sawa wanda kowa ya sani, ko a sa Muhammad a gaba: Muhammad Shurahbilu, sannan sunan uba. A faɗe shi da ƙarfi sau uku kamar ana kiran yaro daga zaure, in numfashi ya yanke to ya yi tsawo.

Kuma a tambayi malami ma'ana kafin huɗuba. Ba duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ce suna ba. Tukazzibani tana cikin Suratur Rahman sau 31, amma ƙaryatawa take nufi. Inna Babba ba ta yi boko ba, duk da haka ba a taɓa raɗa suna a gidanmu ba sai ta aika an tambayo. Yanzu a waya ake tsinto shi, a sanar da dattawa daga baya kamar baƙi. Wannan har gobe yana yi mini ciwo, su kuma sun san kansu.

Sai rubutu. A zaɓi haruffa sau ɗaya a takardar haihuwa, a bi su har abada. Shurahbil, Sharhabilu da Shurahbeel mutum uku ne a wurin kwamfuta. Tun 2021 ba a rajistar JAMB, jarrabawar shiga jami'a, sai da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma sunan da ke NIN shi ke bin yaro. In makaranta ta sa laƙabi a gurbin suna na tsakiya, ko ta juya sunan uba ya koma gaba, gyaran sai da takardar rantsuwa a kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida. Laƙabi na tsakar gida ne, kada ya hau fom.

Linzamin da Inna ke faɗa ke nan. Jaririn dai an tsayar da Baffa, bayan goggonninsa sun yi kwana biyu suna ja.