Alli da bokiti

Abu biyu ba sa barin bayan motata: kwalin alli da wani tsohon bokitin fenti. Leburori kan yi mini dariya idan na sauke su, ni kuwa na san irin asarar da suka tsare mini.

Aikina shi ne mai da kangon shago gidan abinci. Babban kamfani ya sayar wa mutum lasisin buɗe reshe da sunansa, mutumin ya kama haya, bango huɗu da rufi, sai a danƙa mini mabuɗi da ranar buɗewa. Hedikwata kuma ta aiko da kundin ƙa'idojinta: lambar fenti, tsayin kanta, irin fitila, inda injin suya zai zauna. Ko ƙusa ba ka sauya wa wuri sai da izini a rubuce. Ban ga laifinsu ba, kamannin nan shi suke sayarwa. Sai dai zanen da suke aikowa na ɗakin da babu shi a duniya ne, kusurwa daidai, rufi shafe, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya.

A reshe na uku na koyi wannan. Mun zuba siminti, mun binne bututun ruwa, an gama tayil ɗin kicin, ina ta jin kaina. Ranar da za a ɗaga murfin zuƙe hayaki sai shugaban ma'aikata ya kira ni: "Injiniya, zo ka gane wa idonka." Na hau tsani, na leƙa cikin silin da tocilar waya. Daidai inda bututun hayaki zai fita, ga wani ƙaton bim na kankare ya gitta. Ba ya cikin zane, domin babu wanda ya taɓa buɗe silin ɗin ya duba, har da ni. Bim ba a huda shi don son rai, shi ke ɗauke da bene. Dole murfin ya matsa santimita 60.

Santimita 60 ba komai ba ne a baki. Amma murfi ya matsa, murhu da injin suya sun bi shi, bututun gas ya bi su, na'urar kashe gobara da ke cikin murfin sai an sake saita bakunanta, magudanar ƙasa kuma ta koma ƙarƙashin firji. Ina tsaye aka fasa tayil ɗin da bai kwana bakwai ba. Hedikwata ta ɗauki kwanaki kafin ta sa hannu a sabon zane. Muka makara da kwana 19, ga wa'adin da mai gida ya yafe haya ya ƙare, ga ma'aikatan da aka ɗauka aka horar suna karɓar albashi a zaune. Mai reshen bai zage ni ba. Kullum da safe zai bugo ya ce, "Injiniya, yau fa?" Da ma zagin ya yi.

Daga nan na koma zana kicin a ƙasa da alli kafin a taɓa siminti, kowace na'ura da faɗinta na gaskiya, har da zagayen da ƙofar ɗakin sanyi za ta yi idan an buɗe ta. Sai in sa mutum biyu su gifta juna riƙe da faranti. Dabarar ba tawa ba ce. Richard da Maurice McDonald, waɗanda suka kafa gidan abincin McDonald's, a San Bernardino ta Amurka, a filin wasan tanis suka zana kicin ɗinsu da alli, suka sa ma'aikata suna kwaikwayon aiki a kai har suka gane inda ake cin karo.

Bokitin kuwa na gangara ne. Kafin a shimfiɗa tayil da bayan an shimfiɗa, nakan sheƙa ruwa a tsakar kicin in tsaya in kalle shi. In ya nufi magudana, madalla. In ya kwanta a gindin bango, birkila ya sake, ko zai yi fushi. Kicin ana wanke shi kowane dare, ruwan da ya kwanta yau wari ne da santsi gobe.

Ina da jadawali a kwamfuta kamar kowa, irin wanda ke nuna jerin ayyukan da jinkirin ɗayansu ke jinkirta duka, tsarin da kamfanin DuPont ya fara aiki da shi wajen 1957. Yana da amfani ƙwarai wajen odar kayan da ke daɗewa, kamar murfin hayaki da ɗakin sanyi, waɗanda a kan awo ake ƙera su. Amma abin da ka ba shi shi yake lissafawa, bai san akwai bim ba.

Makon jiya na karɓi mabuɗin wani sabon wuri. Kafin in buɗe zane na sa aka cire allon silin huɗu. Babu bim a hanya wannan karon, sai dai wutar da ta shigo shagon layi ɗaya ce, injinanmu kuwa layi uku suke ci. Na tura hotuna hedikwata, na rubuta wa mai gida, na dakatar da mai tayil har sai na ji amsa.