Bokitin 'ya'yan itacen da na ɓata a Iqaluit

Jibi zan hau jirgin Ottawa, bayan shekara biyu ina kwaɓa fulawa a wani ɗakin girki a Iqaluit, wani gari a can arewacin Kanada. Waɗanda muka yi aikin asuba tare sun san wurin, ba sai na faɗi suna ba. Sun kuma san labarin bokitin, sai dai daga bakin oga suka ji shi.

Oga ne ya zo da shawarar. Wai a yi ƙananan burodi masu zaƙi "irin na Inuit", wato 'yan asalin yankin, don wani taro, a saka paurngait a ciki, waɗannan 'yan baƙaƙen 'ya'yan itace da ke fitowa a ƙasa, tunda garin babu bishiya ko ɗaya. A ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake tsinkarsu, a durƙushe, ɗaya bayan ɗaya, cikin sauro da iska mai sanyi. Mahaifiyar abokiyar aikina ce ta ba mu cikin bokiti guda daga abin da ta ajiye wa iyalinta a firiza. Kyauta ta bayar.

Ni kuwa a lokacin kaina ya yi girma. Na iya kwaɓin yis tun ina gida, hannuna bai taɓa ba ni kunya a fanke ba. Oga ya ce awa huɗu kawai gare ni. Sai na juye 'ya'yan gaba ɗaya cikin kwaɓin, da ƙanƙararsu, ban narkar ba, ban tsane ba, ban ma gwada da ɗan kaɗan ba. Sanyin ya hana yis ɗin motsi. Da suka fara narkewa sai ruwan ya saki kwaɓin, ya koma wani abu mai launin toka da shuɗi yana manne wa hannu. Na ƙara fulawa, na ƙara, na gasa a haka. Tire shida suka fito kamar duwatsu a waje, ɗanye a ciki.

A garin da babu titin mota da ya haɗa shi da kudu, inda fulawa ke zuwa ta jirgin ruwa lokacin da ƙanƙarar teku ta narke ko kuma ta jirgin sama da tsada, wannan asara ce ta gaske. Oga ya tsayar da ni gaban kowa ya lissafa kuɗin fulawa, sukari da bota har zuwa ƙwandala. Bai ambaci awa huɗun da ya ba ni ba. Bai kuma ambaci paurngait ba ko sau ɗaya, don ba a saya da kuɗi ba. Abokiyar aikina ta ɗauki bokitin, ta wanke, ta kife shi, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi mini faɗan oga ciwo.

Bayan kwana uku na roƙe ta ta kai ni wajen tsohuwar. Na ce, "Mama, na ɓata miki wahalarki." 'Yarta ta fassara mata da Inuktitut, harshen Inuit. Ta yi dariya, ta nuna mini kujera, ta jawo kwano. Fulawa, bakin hoda, gishiri, ruwa, ɗan mai. Babu yis, babu jira. Ta juya da yatsu sau kaɗan, ta shimfiɗa a kasko a wuta maras ƙarfi. Wannan ne palaugaaq, wanda Turawa ke kira bannock, abincin da ya shigo da fulawar masu farautar kifin whale da 'yan kasuwar kamfanin Hudson's Bay, har ya zama na gida, ana cinsa da shayi a zangon farauta. Wasu da kitsen alade suke yi, amma da ta ji ni Musulma ce sai ta ɗauko man girki ba tare da wani dogon zance ba. 'Ya'yan itacen kuwa a ƙarshe ta watsa su, 'yan kaɗan, bayan ta tsane su a tsumma.

A kan wannan na gina ƙananan burodin da ake sayarwa a wurin yanzu: kwaɓi mai ɗan tauri, sukari kaɗan, paurngait a dafa su daban su yi kauri kafin a naɗe a ciki. Suna ƙarewa kafin ƙarfe goma. A allon abinci an rubuta cewa ƙirƙirar shugaban masu girki ce. To, Allah ya sa alheri.

Ga wadda za ta gaje ni: ki gwada da kofi ɗaya kafin bokiti. Idan oga ya ba ki lokaci, ki sa ya rubuta. Murhun hagu ya fi zafi a baya.

A Satumban bara na bi su tsinka a bayan gari. Yini guda ina durƙushe, gwiwoyina sun jiƙe, abin da na tara bai kai rabin bokiti ba. Na kai wa Mama. Ta leƙa ciki, ta tsince ganyayen da na bari, ta ce wa 'yarta in dawo gobe.