Baƙin mai a ruwan lagireto, yadda aka buɗe min inji a banza

Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake wallahi, don abin da za a iya ganowa cikin awa ɗaya shi ya ajiye min mota kusan sati uku.

Da safe ne na ɗaga bonet zan duba ruwa, sai na ga wani abu mai kauri kamar laka yana yawo a saman robar ruwan, na tsoma yatsa na ji santsi, baƙin mai ne ba tantama. Amma mota ba ta zafi, ba farin hayaƙi a salansa, ƙarfinta yana nan yadda na san shi. Na zaro gejin duba mai, man tsaf yake babu alamar ruwa, sai dai ya ɗan sauka. Duk na ga waɗannan da idona, amma da makaniki ya leƙa ya ce "maigida ai tof gasket ce, kar ka ƙara tayar da ita", wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, tsoro ya kama ni na ce ya buɗe. Ban ce a gwada kwamfireshan, wato matsin silinda, ba, ban ce a yi gwajin nan na shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto ba, wanda in hayaƙin silinda yana shiga ruwa sai ya rikiɗe ya koma rawaya. Ko ɗaya ba a yi ba. Aka sauke kan inji, aka sa sabuwar gasket, aka wanke ruwa, kwana huɗu mai ya dawo har ya fi na da.

Nan kuma wani ya ce turbo ce, na'urar da ke tura iska cikin inji, saura kaɗan in saya. Allah ya taimake ni na haɗu da wani dattijon makaniki, abu na farko da ya tambaya shi ne ina tsohuwar gasket ɗin. Tana cikin but ɗin mota, na ɗauko, ya ɗaga ta a rana yana jujjuyawa yana bin gefen ramukan da babban yatsa, ya ce "ɗana, wannan ai lafiyarta ƙalau." Na ji kamar in yi kuka.

Shi ya zaunar da ni ya yi min bayani. In inji yana aiki matsin mai yakan kai bar 2 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne), shi kuwa ruwa murfin lagireto yana riƙe shi ne a wajen bar 1 zuwa 1.5, to duk inda suka haɗu mai ne zai ture ruwa ya shige. Kuma wurin da suka fi kusantar juna a yawancin injinan turbo shi ne oyil kula mai sanyaya mai, ɗan ƙaramin akwatin alminiyam ɗin nan da ke kusa da filtar mai, siraran faranti ne kawai tsakaninsu. Ita turbo gaskiya a motoci da yawa mai da ruwa duk suna ratsa tsakiyarta amma kowa da hanyarsa, in ta lalace yawanci cikin intakula, mai sanyaya iskar turbo, take zubar da man ko salansa ka ga shuɗin hayaƙi, sai dai in gidanta ne ya tsage, wanda ba kasafai ba. Ya kuma tambaya ko motar otomatik ce, don wasu man giyarsu ta cikin lagireto yake bi ya huce, in can ne ya fashe yawanci ja-ja za ka gani. Tawa manuwal ce, wannan ya fita.

Ya kwance kulan, ya toshe baki ɗaya, ya hura iska ta ɗayan, ya nutsa shi a bokitin ruwa. Ƙananan kumfa suka fara tasowa a jere ta gefe guda. Shi ke nan fa, abin da aka sauke min kan inji a kansa ke nan, bokiti da iska.

Ba wai gasket ba ta kawo wannan matsalar ba ne, tana kawowa, amma don Allah in motarka ba ta zafi, tiyo ba ya yin tauri kamar dutse, ruwa ba ya kumfa in an taka totur, kar ka yarda a taɓa kan inji sai an gwada kula tukuna, shi ne mai sauƙin cirewa.

Wankin ma wata wahala ce da ba wanda ya gaya min. Mai yana laƙewa a cikin hita da lungunan lagireto, sau huɗu muka wanke, bayan na biyu na sake ganin ɗigo-ɗigo a sama gabana ya faɗi, ashe ragowa ce. Tiyo biyu sun kumbura sun yi laushi don mai yana cin robarsu, muka canza su tare da tamostat da murfi. Wata biyu ke nan ruwan garau yake, amma har yau kullum safe sai na buɗe robar na tsoma yatsa kafin in tayar.