Abin da masu tseren gishiri suka koya mini a gareji

Duk wanda ya zauna garejin babura a Tawa ya san abin da samari ke nufi in sun ce a ƙara wa mashin wuta: a fasa salansa, a sakar mata mai, ta yi ta ruri har unguwa ta ɗauka. Ni kuwa tun da na fara tayar da wata tsohuwar Honda CG 125 da aka yasar a bayan garejinmu, na shiga bin labarin masu gyaran tsofaffin babura don tseren gishiri, kaina ya waye a kan wannan magana ta gudu.

Filin da suka fi zuwa shi ne Bonebil, a jihar Yuta ta Amurka, busasshen tafki ne da gishiri ya shimfiɗe a kansa fari fat. Tun 1949 ake yin makon tsere a can, yawanci cikin Agusta. Ba a jerawa a tashi tare. Kowa shi kaɗai yake miƙa layi, agogo ne abokin karawarsa. A can ne Burt Munro, wani dattijo ɗan Niyu Zilan, ya kafa tarihi a 1967 yana da shekara 68, a kan Indian Scout ƙirar 1920. Babur ɗin da masana'anta ta yi shi don kilomita kusan 90 a awa, shi ya kai shi kusan 296. Fistan ɗinsa ma da hannunsa yake zubawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai iska ce. Bonebil na kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, iskar wurin ba ta da kauri, ga zafin Agusta. Injin da aka saita a ƙasa in ya hau can sai mai ya rinjayi iska, ya riƙa shaƙewa. Dole su canza ɗan ƙarfen nan mai ƙaramar huda da ke cikin kafireta, su sa mai ƙanƙantar huda. Wato wani lokaci rage mai shi ne ƙarin gudu. Da na gaya wa maigidanmu haka, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Kai yaro, ai buji ya daɗe yana faɗa maka." Gaskiyarsa. Yanzu kowace mashin ta zo, buji nake fara kwancewa in duba bakinsa: baƙi mai toka, mai ya yi yawa ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, fari ƙal, injin na ƙishi, ana dab da ƙona fistan, ƙasa-ƙasa shi ne lafiya.

Sai iskar da ke gaban mutum. In kana son ninka gudu biyu, ƙarfin da za ka yaƙi iska da shi sai ya ninka takwas. Shi ya sa a 1948 wani ɗan tseren Amurka, Rollie Free, ya tuɓe daga shi sai ɗan kamfai, ya kwanta rub da ciki a kan babur ƙirar Vincent, ya wuce kilomita 240 a awa. Ban ce kowa ya gwada ba, Allah ya kiyaye. Amma ɗan kabu-kabu mai babbar riga tana kaɗawa, ga buhun albasa a gicciye a baya, ya daina zargin makanike.

Tsarinsu ma na ɗauka. In ka zarce tarihi sau ɗaya ba a ba ka, sai an killace babur ɗin, washegari da safe ka sake, a haɗa gudun biyun a raba biyu. Muhimman notuna kuwa huda su ake yi a ɗaure da waya, don girgiza kar ta kwance su. Na sayi ɗan littafi, abu ɗaya nake canzawa a Hondar nan, in gwada ta zuwa da dawowa saboda iska, in rubuta. Na sa mata ƙaramin farantin sarƙa a baya, tashi ya yi nauyi, kuma gudun ƙarshe bai ƙaru ba don injin ba shi da ƙarfin ja. Na mayar da na asali, salansa kuma ban taɓa ta ba.