Cikin wayar ma sai da suka tsara shi

Ban manta ranar da na fara ganin cikin iPhone 4 ba, shekarar 2011 ce, lokacin ina yaron shago wajen maigidana a Farm Centre nan Kano. Mu da muka saba da Nokia, ka ɓalle murfi da farce ka cire batir ka hure ƙura ka mayar, sai ga waya gilas gaba gilas baya, da wasu 'yan noti biyu gefen wajen caji masu kai kamar tauraro mai tsini biyar, duk sukundireban shagon babu wanda ya shiga, sai da Oga ya aika aka nemo nata na musamman. Da ya zare bayan ya ce min, kai yaro matso ka ga aiki. Wallahi cikin nan tsaf, komai a layinsa, wajen da mai wayar ba zai taɓa gani ba har ya sayar da ita.

A shekarar ne Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple mai yin iPhone, ya mutu, 5 ga Oktoba, yana da shekara 56. Daga baya na ji labarin uban da ya rene shi, wanda ya koya masa cewa ko shinge za ka kafa to bayansa ma ka gyara shi kamar gabansa, ko da ba mai leƙawa. Nan na gane abin da na gani ranar nan. Mutumin da suka fara Apple shi da Steve Wozniak a 1976, ya fito da iPod a 2001, shekarar da GSM ta shigo Najeriya, sannan a Janairun 2007 ya ɗaga waya marar madannai ya ce da yatsa za a riƙa sarrafa ta. Yau duba hannun kowa, mai Android ma shafawa yake, har kakata da ba ta karatu tana tura saƙon murya.

Shi ya sa ni ba na ɗaukar waya kamar ƙarfe kawai. Mai sayar da atamfa duk kwastomominta suna WhatsApp, ɗan kasuwa lissafin bashinsa na ciki, in ta mutu kwana ɗaya kamar an kulle masa shago ne. Kuma aikin iPhone ba ya son gaggawa, notocinta tsawonsu ba ɗaya ba ne, ka sa dogo a ramin gajere ya huda layin injin, shi ke nan ka jawo wa mutum asara. Har yau a kan maganaɗisu nake jera su yadda na kwance su, haka Oga ya koya min, Allah ya saka masa da alheri.

Abin da ke ci min rai shi ne jabun sikirin. Mutum zai zo ka faɗa masa kuɗin orijina ya ce haba Malam, can an ce min rabin haka, ya tafi, bayan sati biyu ya dawo taci, wato shafawar sikirin, na tsalle shi kaɗai, kala ta dishe, batir na zuba, ka buɗe ka tarar noti uku babu, an cika ciki da gam. Masu kawo mana kaya ma wani sa'in kwali na orijina ciki jabu, shi ya sa kowane sikirin sai na gwada shi a gaban mai waya kafin in liƙa.

Kwanaki wata Hajiya ta kawo iPhone 7 da ta faɗa bokitin wanki, ta ce ɗana ni ba wayar ce ta dame ni ba, muryar marigayi maigidana ce a ciki. Na ce Hajiya kar a kunna ta, kar a sa ta caji, ki ba ni kwana uku. Na cire injin na wanke tsatsar, na zauna da madubin ƙara girma ina bin layin wuta har na kama wata 'yar kafasita da ba ta kai ƙwayar gero ba ta ƙone, na ɗaga ta da iska mai zafi na sa wata. Da tuffar nan, tambarin Apple, ta haska a sikirin na kira ta ta zo, ta zauna a bencin shagon ta kara wayar a kunne, na ce wa yarona ya kashe rediyo.