Takalmin Ummi

Talata, bayan isha'i.

A Jidda muka wuni yau, mun kai 'yata Ummi asibiti daga Makka don a duba taurin ƙafafunta. Ana idar da sallar asuba Babansu ya tada mota, Ummi a baya da keken tafiyarta, Hajiya kuma ta ce ba za a bar ta a gida ba, sai ta ji da kunnenta. Tun daga Shumaisi, a hanyar Makka zuwa Jidda, Ummi ke lissafa abin da za ta ci a Albaik, gidan soyayyar kaza, in an gama, Hajiya na tsokanarta: "Kishiya, kuɗin mijina za ki ƙarar a kaza?" Ita kuwa sai ƙyalƙyala dariya take. Da raha muka shiga asibitin, wallahi.

Wata 4 muna jiran wannan mau'idin, wato ranar ganin likita. Likitar gashi, mai motsa mata gaɓoɓi, ce ta tura mu wurinsa, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ne na yara. Na kwaso masa komai a leda: hoton ƙwaƙwalwa, hoton ƙugu, takardun allurar Botox ta sassauta nama sau 3, har da takardar sallama ta lokacin da ta yi kwana 40 a kwalba. Bai fara da ko ɗaya ba. Cewa ya yi a cire mata takalmi da robar da ke tallafe mata ƙafa, sai ya sunkuya ya ɗauki takalmin ya juya shi. Gaban ya cinye har roba ta fito fari, dundunniyar kuwa sabuwa fil kamar yau aka sayo. Kunya ta kama ni, don da ƙaramar salla muka saya, kuma na yi niyyar canza shi kafin yau ban samu hali ba. Na fara ba shi haƙuri, ya ce a'a, kada in jefar, in riƙa ajiye masa irinsu, don a jikinsu yake ganin yadda take taka ƙasa ranar da ba ya nan.

Ya sa ta yi tafiya daga ƙofa zuwa taga, da keken, sannan riƙe da hannuna. Kun san tafiyar Ummi: a kan yatsu, gwiwoyi na gugar juna kamar almakashi. Ya kwantar da ita, ya ɗaga ƙafar a hankali, ta bi shi lafiya. Ya sake ɗagawa da sauri, sai ƙafar ta cije tsak kamar an taka burki. Ya ce wannan cijewar ita ce tashannuj ɗin da ake faɗa, taurin da ke ƙaruwa in an motsa gaɓa da sauri.

Bayanin nasa da Larabci ne, ina juya wa Hajiya da Hausa. Rauni ne a ƙwaƙwalwa tun tana bakwaini, shalal dimagi, ba shan inna ba kamar yadda har gobe wasu a unguwa ke ce mata. Raunin ba ya ƙaruwa. Amma tsakanin naman ƙafa da laka akwai saƙo da ke kai da komowa, ƙwaƙwalwa ce ke tsawata masa ya lafa, ita kuma tata ba ta iya tsawatawar sosai, shi ya sa naman kullum a ɗaure yake. Aikin da muka zo tambaya, rizotomi, a ƙasan baya ake yin sa. A buɗe, a samo jijiyoyin da ke kawo saƙo daga ƙafa zuwa laka, a rarraba su sili-sili, a gwada kowane da ɗan lantarki, waɗanda suka fi kawo fitina a yanke su. Jijiyoyin da ke ba ƙafa umarnin motsi ba a taɓa su. Abin da aka yanke kuma ya yanku har abada. Botox tana sakin ƙafar wata 3 ko 4 ta koma yadda take, wannan babu komawa.

Ya ce yaran ana kasa su mataki 5. Na ɗaya yana tafiya har da gudu, na biyar ko kansa ba ya iya riƙewa. Ummi tana na uku, mai tafiya da abin dogarawa. Shekararta 6, ƙafafu biyun ne abin ya fi kamawa, hannayenta da sauƙi, tana fahimtar magana tana bin umarni. Ya ce irinta ake dubawa, har ma a Ingila tun 2018 asibitocin gwamnati ke yi wa 'yan shekara 3 zuwa 9 da ke mataki na biyu da na uku. Na kalli Babansu, fuskarsa ta washe. Shi fa watanni ke nan yana kwana da bidiyon yaran da aka yi wa a St. Louis ta Amurka, wurin Dakta Park, yana nuna min a waya: ga yaro kafin aiki, ga shi bayan shekara yana tafiya a fili.

Sai na yi tambayar da na zo da ita tun daga Makka. Na ce, "Dakta, in an yi, za ta ajiye keken? Za ta yi tafiya kamar sauran yara?"

Bai amsa min nan take ba. Ya ce Ummi ta tsaya ta riƙe bakin gado, sannan ta durƙusa a hankali, a hankali, kamar za ta zauna a ƙaramar kujera. Ta fara, gwiwa ta ɗan lanƙwasa, sai kawai ta zube gaba ɗaya, ya tare ta. Ya sa ta sake, haka dai. Ya ce, "Ya ukhti, kin gani? Tsayuwar da take yi, rabinta ba ƙarfi ba ne, taurin ne ke riƙe da ita. Ni tauri zan cire. Ƙarfi ba na iya saka mata, sai ta nema da kanta a wurin gashi."

Wannan maganar ce ta hana ni sakat har yanzu.

Shekara 5 ina yaƙi da taurin nan. Kullum da safe ni ce ke miƙar da ƙafar tana kuka, ni ce ke cusa dundunniyar cikin roba tana cewa Mama zafi. Man zaitun, man habbatus sauda, ruwan ɗumi, Zamzam da tofin Hajiya, babu wanda ban shafa ba. A sujada sunansa nake kira, Allah Ka sassauta mata jijiyoyin nan. Ban taɓa kawo wa raina cewa da shi take miƙewa ta kai hannu kan tebur ba, da shi take tsayawa a jikin bango ta yi sallarta kusa da ni. Ashe abin da nake roƙon a ɗauke mata, shi ne sandarta. In an cire, ya ce, makonnin farko za ta koma baya, ƙafafun za su yi laushi kamar ba nata ba, mai yiwuwa tsayuwar da take yi yau ma ta gagare ta na ɗan lokaci. Daga nan sai gashi kusan kullum, wata da watanni, har shekara 2 ana bi. Yawancin yara tafiyarsu tana yin sauƙi, ciwo ya ragu, gajiya ta ragu, saka takalmi da zama su daina zama faɗa. Amma da wuya ɗan mataki na uku ya koma na ɗaya, kuma bai yi min alkawarin ajiye keke ba. Wasu ma daga baya sai an ƙara musu aikin ƙashi ko an tsawaita agara, don naman da ya riga ya gajarce yankan jijiya ba ya miƙar da shi. Ya faɗi sauran abin tsoron bai ɓoye ba: dindiris a ƙafa, rikicewar fitsari na ɗan lokaci, yoyon ruwan laka.

Na gode masa da bai rufe mu ba. Amma na fito jikina a sanyaye.

Ya ce wata 6 na gashin ƙarfafa cinya da ƙugu tukuna, sannan gwajin tafiya a ɗakin kyamarori, sannan su zauna da likitan ƙashi da likitar gashi su yanke shawara tare. Maganar ta'amin, wato inshorar lafiya, kuma Babansu zai bi, ba mu san ko za su ɗauka ba.

A mota aka yi ta. Hajiya ta ce ita dai ba a taɓa bayan mutum, yarinya tana takawa, a gode wa Allah a bar ta. Babansu ya ce, "Hajiya, girma take yi, nauyi na ƙaruwa, ƙashi na tsawo naman ba ya bin sa. In muka zauna, wannan takawar ma za ta iya kuɓuce mata." Hajiya ta ce, "To in aka yanke ta zauna fa? Wa zai mayar?" Ya yi shiru. Kowannensu ya juyo yana neman in goya masa baya, ni kuwa ban ce uffan ba. Ina ganin gaskiyar kowa. Abin da ni ke lissafawa daban ne: gashi sau 5 a mako, wa zai kai ta, wa zai zauna da Auta, Babansu ba ya tashi aiki sai magariba, ni ce dai. In na gaza a wata na bakwai, an yanke jijiyar 'yata ke nan a banza. Wannan bidiyon ba ya nuna shi. Minti 2 ne, ba a ganin uwar da ta yi shekara tana jigila.

Albaik dai an ci. Layi har waje. Hajiya ta ba kishiyarta tafarnuwarta.

Mun dawo ana kiran la'asar. Wanki na nan yadda na bar shi. Maƙwabciyata ta sama ta aiko da masa, Allah Ya saka.

Da na zo kwantar da Ummi, ina kwance mata robar, sai ta ce, "Mama, bayana za a yanka?" Na manta sam cewa Larabcinta ya fi nawa, duk abin da ya faɗa ta ji. Na ce ba yanzu ba, kuma ba za a yi komai ba sai an gaya mata. Ta ce, "In an yi zan yi ɗawafi da ƙafata?" Kullum a keken zama muke tura ta wurin ɗawafi, ta gaji da kallon bayan mutane. Na ce mu roƙi Allah, mu kuma dage da gashi, gobe ma akwai ƙarfe 4. Ta ce to, amma ban da wannan na durƙusawa. Na ce shi ne ma za mu fi yi.

Ta yi barci yanzu. Na je na taɓa ƙwaurinta, in tana barci taurin yakan saki, naman ya yi laushi kamar na Auta. Na daɗe riƙe da shi. Takalmin na ɗauko shi daga bakin ƙofa na sa a leda tare da takardun asibiti, na rubuta watan yau a jiki.