Godiya ga waɗanda suka tsaya wa autanmu

Assalamu alaikum. Sakamakon WAEC ya fito, autanmu ya samu kiredit ɗin da ake nema har da ƙari, kuma Turanci da lissafi suna ciki. Alhamdu lillahi. Umma ce ta ce in rubuta wannan da yawunta da na gidanmu baki ɗaya, tunda ba za mu iya bin kowa gida-gida ba. Ba zan kama suna ba, don da yawa cikin waɗanda suka yi mana ɗawainiya sun roƙe ni kada in yi. Kowa ya ji nasa zai gane.

Ga wanda labari bai kai masa ba, Auta ɗan ajin ƙarshe ne a wata makarantar kwana ta maza, kuma shi ke riƙe wa makarantar tsakiyar fili. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar makarantun sakandare suka yi karo da wani yaro, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye. Lokacin JAMB ta ƙarato, WAEC kuma tana biye da ita. Da siminti a ƙafa da sanduna a hammata ya rubuta su.

Mutum na farko da zan gode wa shi ne malamin wasanninsu, kuma godiyar ta faro ne tun kafin karayar. Wanda bai yi makarantar kwana ba zai ɗauka ƙwallo abin yamma ne kawai, a buga a watse. Ɗan wasan makaranta idan gasa ta matso, daga sallar asuba sai gudu, ya dawo ya yi layin ruwa, ya kurɓi koko, ya shiga aji har bayan azahar. Bayan la'asar a koma fili sai an kusa kiran magariba. Sannan a tura masa gabza da miyar da ba ta ga nama ba, a ce ya tafi firef ya yi karatu har ƙarfe goma. Ka leƙa ajin a wannan lokaci, duk wanda ka ga ya kifa kai a kan tebur, ɗan ƙwallo ne. Shi ya sa dattawa suke cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma ba don rashin dalili suke faɗa ba.

Malam bai yi musu da kowa ba, doka kawai ya kafa. Duk wanda ya faɗi gwajin lissafi ko na Turanci ba zai sa rigar makaranta ba a wasa na gaba, ko shi ne kyaftin. Wata ƙaramar takarda yake bin malaman darasi da ita duk ƙarshen mako suna sa hannu. Ya taɓa ajiye Auta a benci a wasan da suke matuƙar bukatarsa, yaron ya kira ni da wayar wani malami yana huci, wai in yi wa Malam magana. Na ce masa ni ba na shiga tsakanin ɗalibi da malaminsa. Sannan ya nema musu izini a wurin shugaban makaranta, ranar da aka yi atisaye mai nauyi a bar 'yan wasa su kwanta da wuri, su rama karatun ranar Asabar da hantsi, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa da kujerarsa. Ba aikinsa ba ne, kuma ba a ƙara masa ko sisi a albashi ba.

Yakan ba su labarin 'yan wasan da suka ci wa Nijeriya kofin Afirka na farko a Legas a 1980, ranar da aka lallasa Aljeriya da ci 3 da nema. Segun Odegbami da ya jefa biyu a ciki injiniyanci ya karanta, Adokiye Amiesimaka kuma lauya ne da ya kai har kwamishinan shari'a a jihar Ribas. Yaran sun fi son jin labarin Ahmed Musa, yadda ya tashi daga Kano Pillars ya je ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya sake zura wa Iceland biyu a 2018. Malam sai ya ce musu su ƙirga yaran da ke buga ƙwallo a filayen unguwa daga Kano zuwa Jos, sannan su ƙirga Ahmed Musa nawa ne.

Shi ne kuma ya tsare mu daga wani mai kwat da ya zo gida bara, wai zai fitar da Auta gwaji ƙasar waje idan muka haɗa kuɗin biza da na jirgi, a rage masa shekaru a fasfo, makaranta kuma a jingine ta tukuna. Malam ya ce min: "Ka tambaye shi ko ya san dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa da ba su shafi ƙaninka ba." Na tambaya, mutumin bai sake ɗaga wayata ba. Da an bi ta tasa, yau ba karatu, ƙafa kuma ga yadda ta kasance.

Ranar da abin ya faru, Malam da direban makaranta ne suka ɗaure ƙafar da katako biyu da rigunan yara, suka hana kowa ja ko murzawa. Kafin in iso, Baffa ya riga ya aika a kira mai ɗori. Ba raina ɗorin gida nake yi ba, mutane da yawa a danginmu da shi suka miƙe. Amma Malam ya durƙusa gaban Baffa ya ce: "Baba, a yi haƙuri a ɗauki hoto tukuna, in ya so duk abin da kuka yanke shi za a yi." Hoton ya nuna ƙashin ya goce. Baffa da kansa ya ce a wuce asibitin ƙashi na Dala. Muna gode wa likitoci da ma'aikatan jinya da suka karɓe shi, da wata nas da ta riƙa tsokanarsa da cewa ita 'yar Arsenal ce har sai da ya yi dariya. Baffa, Allah ya ƙara girma.

Da aka sallame shi, Umma ta so ya zauna gida. Shi kuma ya kafe sai ya koma, don 'yan ajin ƙarshe ba sa zuwa hutu, a makaranta ake ajiye su ana bitar tsofaffin tambayoyi. A nan 'yan ɗakinsu suka nuna mana irin tarbiyyar gidajensu. Gadonsa na sama ne, wani ya sauka ya bar masa na ƙasa kusa da ƙofa. Kullum akwai mai ɗebo masa ruwa, akwai mai karɓo masa abinci, akwai mai naɗe simintin da leda ya ɗaure da roba kafin wanka. Babu siniyan da ya tilasta wa ƙaramin yaro, su da kansu 'yan ajinsu suka raba aikin. Kafintan makaranta kuma, da ya ji yaron ba ya iya tsuguno, ya ƙera masa kujera mai rami ya kai bayan gida, ya ƙi karɓar ko kuɗin ƙusa. Irin wannan taimakon ba a cika faɗarsa a bainar jama'a ba, amma wanda ya taɓa jinyar karaya ya san girmansa.

Cibiyar da aka tura shi JAMB a bene take. Abokansa biyu, masu tsaron bayan ƙungiyar, su suka ɗauke shi cak suka haura da shi, alhali su ma jarrabawar ce a gabansu. Wani abin dariya, 'yan wasan duk sun bi simintin da biro, wannan ya sa hannu, wancan ya zana lambar rigarsa. Ana gobe za a fara WAEC malamin kimiyya ya lura, ya ce maza a rufe da sabon bandeji kada mai sa ido ya ɗauka satar amsa ce. Shi ne dai ya samo masa doguwar kujera a ɗakin gwaje-gwaje, tunda aikin a tsaye ake yinsa. Akwai kuma wani mai hidimar ƙasa, ɗan kudu, da ko Hausa ba ya ji sosai, wanda ya riƙa bin sa har ɗakin kwana da daddare da fitilar waya suna warware lissafi. Ya gama hidimarsa ya tafi kafin sakamako ya fito. Duk wanda ke da lambarsa don Allah ya isar masa.

Sai yaron da suka yi karon. Shi da mahaifinsa sun zo har asibiti da ledar lemo da ayaba, yaron yana kuka ya kasa haɗa ido da Umma. Ta ce masa: "Ɗana, share hawayenka, ƙaddara ce, kai ma da kana iya zama kai ne a kwance." Na kalli bidiyon da wani ya ɗauka, ƙwallo ya nufa, ba ƙafa ba. Masu zaginsa a Facebook da sunan suna taya mu jin haushi, mun gode da ƙauna, amma ku daina. Shi ma ɗan wani ne, kuma shi ma jarrabawa ya rubuta da wannan nauyin a ransa.

Tsofaffin ɗaliban makarantar sun yi karo-karo a zaurensu na WhatsApp, 'yan unguwa da abokan aikina su ma sun kawo nasu. An biya asibiti da magani, kuɗi ya yi saura. Umma ta ce ba namu ba ne, don haka muka sayi abin kare ƙwauri na 'yan wasa da akwatin agajin gaggawa muka miƙa wa Malam, saboda rabin yaran da kwali suke cusawa cikin safa su shiga fili. Rasit yana wurina ga duk mai son gani.

Masu tambaya ko zai koma ƙwallo, an cire simintin, yana takawa ba sanda, ana kuma yi masa gashin ƙashi. Likita ya ce ba gudu ba tsalle sai ya sake ganin hoto. Shi dai gogan har ya fara binciken jami'ar da ke da ƙungiya mai ƙarfi a gasar wasannin jami'o'i ta NUGA, Umma kuma ta ce ita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Yanzu sakamakon NECO muke jira da tantancewar jami'a, muna neman addu'arku. Abokansa da nasu sakamakon bai yi yadda suke so ba, Malam ya ce su same shi a makaranta a duba batun sake zama. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya muku zuri'a.